Masu Riƙon Amanar Gogen "Messiah"

Antonio Stradivari ne ya sassaƙa gogen "Messiah" a birnin Kiremona na Italiya a 1716. Bayan rasuwarsa a 1737, ɗansa Paolo ya sayar wa Cozio di Salabue. Daga nan gogen ya shiga hannun Luigi Tarisio, sai Vuillaume a Faris, sai iyalan Hill na Landan, waɗanda suka ba gidan tarihin Ashmolean kyautarsa.

Waɗannan mutane sun cancanci jinjina. Sun kare gogen daga danshi da zafi, ba su bari yawan kaɗawa ya cinye shi ba. Masana kuma sun bi tsoffin takardu da layukan katakonsa domin tantance asalinsa. Albarkacin haƙurinsu, masassaƙan goge na yau suna ganin aikin Stradivari kusan yadda ya bar shi.