Tiren Katako da Ban Ruwa ta Ƙasa: Inda Masu Shafe-Shafe Suke Kuskure

A 'yan shekarun nan masu lambun gida da dama, musamman a Amurka da Turai, sun koma ƙera tiren katako da hannunsu domin renon iri kafin dashe, saboda sun gaji da tiren roba na kanti, wanda aka fi sani da 1020 don faɗinsa kusan inci 10 ne tsawonsa kuma inci 20, wanda rana take busar da shi ya tsage bayan ɗan amfani kaɗan. Renon iri a akwatin katako daɗaɗɗen abu ne, domin marubucin harkar lambu John Jeavons ya koyar da shi a littafinsa na 1974, haka ma Eliot Coleman a nasa na 1989, sai dai akwatunan da suka bayyana an yi su ne yadda ruwa zai tsiyaye ya fita. Abin da ya zama sabon yayi shi ne neman katako ya riƙe ruwa kamar kwano, kuma daga nan ne aka shiga shafa masa mai da kaki da fenti da gam iri-iri, alhali mafi yawan wannan wahala an ɗora ta a kan rashin fahimtar halin itace.

Ban ruwa ta ƙasa shi ne a zuba ruwa a cikin tire, a jera ƙananan tukwane ko ledojin reno masu huji a gindi, ƙasar da ke cikinsu ta riƙa tsotso ruwan zuwa sama ta 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyinta, kamar yadda lagwani yake jawo kananzir a fitila. Amfaninsa a fili yake: ƙananan iri irin su tumatir da latas da albasa ba sa gusawa daga inda aka binne su, saiwa tana bin danshi zuwa ƙasa ta yi ƙarfi, sannan saman ƙasar da wuyan tsiron ba sa zama a jiƙe kullum, wanda hakan yake rage cutar nan da ke ruɓar da wuyan tsiro ya kwanta cikin dare ɗaya, wadda ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Rhizoctonia suke haddasawa. Dabara ce mai kyau, kuma ta cancanci a yi mata tire na ƙwarai.

Matsalar tana cikin katakon kansa. Itace yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma wannan motsi a faɗinsa yake faruwa, inda a wasu itatuwa yakan kai kashi 8 cikin 100, yayin da a tsawonsa bai kai ko kashi 1 cikin 100 ba. Saboda haka duk inda aka haɗa faɗin wani katako da tsawon wani, kamar yadda gindin tire yake haɗuwa da gefensa, ɓangarorin biyu ba sa motsi tare, kuma mahaɗar ce take fara buɗewa. Fenti ko banish, wato shafin da yake bushewa ya zama fata mai sheƙi a kan katako, ba ya iya bin wannan motsi, sai ya yi tsagar da ido ba ya gani a kusurwa ko a kan ƙusa, ruwa ya shiga ta nan, fatar kuma ta hana shi fita. Funfunar da ke ruɓar da itace ba ta aiki idan danshin katako bai kai kashi 20 cikin 100 ba, amma katakon da aka kulle wa ruwa a ciki yana zarce wannan mizani ya daɗe a haka, shi ya sa ake samun tire yana ƙyalli a waje alhali yatsa yana nutsewa a kusurwarsa. A ƙasashe masu hunturu mai tsananin bushewa da damina mai laima, kamar ƙasar Hausa, wannan kumburi da tsukewa sun fi muni.

Masu ƙin sinadarai sukan koma ga man linsid, wanda ake tatsowa daga 'ya'yan filas, ko man tung na ƙasar Sin, ko kakin zuma da aka narkar. Waɗannan suna shiga jikin itace su rage shan ruwansa ba tare da sun toshe shi ba, kuma a wannan aiki suna da daraja, amma ba sa cike mahaɗar da ta buɗe. Man linsid da ake sayarwa da sunan dafaffe yawanci an zuba masa sinadaran ƙarfe irin su kobalt da manganis don ya bushe da wuri, kuma tsumman da aka goge shi da shi yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka ajiye. Ifoksi, wato gam mai ruwa biyu da ake haɗawa ya daskare, shi kam yana riƙe ruwa idan an shafa shi da ƙwarewa, sai dai yana da tsada, rana tana lalata shi, kuma wanda ya guje wa roba ya lulluɓe katakonsa da shi ya dawo ga robar ne ta hanyar da ba ta ɓaruwa balle a gyara.

Akwai kuma abubuwan da bai kamata su kusanci tire ba ko kaɗan. Baƙin man inji, wanda kafintoci da yawa suke shafa wa katakon rufi don korar gara, yana ɗauke da guggubin ƙarfe da sauran guba, kuma a tiren ban ruwa ta ƙasa duk abin da ya narke a ruwan saiwa ce take fara shan sa. Haka kiriyosot, baƙin man da ake jiƙa katakon layin dogo da falwayar lantarki da shi, yana ƙona tsiro har da tururinsa. Katakon da aka yi wa maganin CCA, mai ɗauke da arsenik, an daina sarrafa shi don amfanin gida a Amurka tun ƙarshen 2003. Wanda kuma zai kwance falet, wato katakon da ake ɗora kaya a kansa a kwantena, ya duba tambarin da ke jikinsa: HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarin cikinsa, MB kuwa na nufin an turara shi da methyl bromide, kuma barin wannan ya fi.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba aikin biyu, katako ya ɗauki nauyi, wani abu dabam kuma ya riƙe ruwa. Kafinta ya haɗa tiren da zurfin santimita 5 zuwa 7, ya bar 'yar tazara tsakanin katakan gindi don iska ta ratsa, ya goge kaifin da zai iya huda shimfiɗa, a shafa ɗanyen man linsid a bari ya bushe sosai. Daga nan a shimfiɗa leda mai kauri, irin ta rufin ɗakin renon tsirrai mai maikiron 150 zuwa 200, ko robar EPDM da ake shimfiɗa wa tafkin kifi, guda ɗaya ba haɗi. Kada a yanka ta a kusurwa. A tura ta da yatsa har ta zauna, a naɗe rarar ta kwanta a gefe, a ɗora bakinta a kan leɓen tiren, sannan a danne da siririn katako, ta yadda babu ƙusa ko ɗaya a ƙasa da inda ruwa yake tsayawa. Idan shimfiɗar ta huje, ɗigon zai bayyana a ƙarƙashin tiren nan take, a cire ta a sa wata, katakon kuma yana nan a bushe.

Za a iya cewa ai leda ma roba ce, kuma gaskiya ne. Amma 'yar ledar da ƙasa da tukwane suka kare daga rana, wadda katako ya ɗauke mata nauyi, ta fi tiren kanti daɗewa nesa ba kusa ba, kuma wanda bai yarda da ita ba yana iya sa mai walda ya lanƙwasa masa farantin kwanon da ba ya tsatsa ya zauna a cikin katakon, muddin zai ajiye shi a inuwa don kada ƙarfen ya dafa saiwa.

Sauran aikin yana hannun mai reno. Tire ya zauna daidai, in ba haka ba tukwanen gefe ɗaya su nutse na ɗaya gefen su bushe. Ruwan kada ya wuce santimita 1 zuwa 2, kuma da zarar saman ƙasar ya yi duhu da danshi, wanda yakan ɗauki kamar rabin awa, a zubar da ragowar, domin ruwan da ya kwana yana shaƙe saiwa yana kuma tara sauro. Inda ruwan rijiya yake da zartsi, gishiri yakan taru ya yi fari a saman ƙasar, don haka lokaci-lokaci a yi ban ruwa ta sama ya wanke shi. Mai lambun da zai ƙera tire bana ya kashe kuɗinsa a kan busasshen katako mai tsabta da shimfiɗa mai kauri, ya bar gwangwanin fenti a kanti.