Kuɗin Giya ko Kuɗin Labari?

Ni ba mashayi ba ne, addinina ya hana, don haka ba ni da bakin ba da shaida a kan ɗanɗano. Kalma ce ta jawo ni cikin wannan magana. A Amurka akwai giyar da ake yi wa laƙabi da “ta sana'ar hannu”, wadda kwalba guda takan ninka ta manyan kamfanoni kuɗi. Ɗalibin adabi kuwa, idan ya ga laƙabi ya ɗaga farashi, wajibi ne ya tsaya ya auna laƙabin.

Sai a faɗi gaskiya, wani kaso na tsadar yana da tushe. Tun da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida a 1978, masu ƙaramar tukunya suka yi ta tsirowa. Wanda ke dafa kaɗan ba ya samun rangwamen sari. Da yawansu sha'ir zalla suke sawa, alhali Budweiser da shinkafa ake haɗa ta. Wasu kuma sukan jibge giyar wata da watanni a gangunan katako, jari yana kwance, hayar rumbu tana tafiya. Wanda ya biya wannan, aiki ya biya da jira, ban ga abin zargi ba.

Inda na fara ɗaure fuska shi ne wajen ma'anar kalmar. Ƙungiyar masu wannan sana'a, Brewers Association, ita ke fayyace wane ne “ƙarami”. Da can iyakar ganga miliyan 2 ce a shekara. Da kamfanin da ke yin Samuel Adams ya doshi iyakar, sai aka mayar da ita miliyan 6. Wato ɗa ya yi girma, aka buɗa masa riga, ana ci gaba da kiransa jariri. Wane hannu ne ke dafa ganga miliyan 6? A 2011 Anheuser-Busch, mai Budweiser ɗin nan, ya saye Goose Island na Shikago, a 2015 kuma Constellation Brands ya biya dala biliyan 1 ya karɓi Ballast Point. Sunayen da ke jikin kwalba ba su canza ba. Ina ganin ba tukwane ne suka kai wannan kuɗi ba. Labarin ne aka saya, na wani mutum shi kaɗai da tukunyarsa yana ja da ƙattai, su ƙattan kuma suka ci gaba da sayar da shi.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai daga Beljiyam yake. Masu zuhudu na Katolika a Westvleteren suna dafa abin da zai riƙe gidan ibadarsu ne kawai, su sayar da araha, da sharaɗin mai saye ba zai sake sayarwa ba. A 2018 wani kanti a Holan ya samo dubban kwalabe ya sa musu kusan Yuro 10 kowace, masu zuhudun suka nuna ɓacin ransu. Giyar ita ce dai, ba a ƙara mata komai ba. Ratar da ke tsakanin farashin biyu kuɗin ƙaranci ne da suna, kuma ko sisi bai shiga hannun da ya dafa ba. Wannan kason ne na ƙi yarda ya cancanta.

Lokacin da nake bautar ƙasa a Filato, maƙwabciyata burkutu take yi. Ta jiƙa dawa, ta bar ta ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta wuni a gaban wuta, sannan ta jira ya tashi. Kwanaki ake ɗauka, kuma tukunya ɗaya ba ta zama daidai da ta bayanta. Duk sharaɗin da Amurkawa suka gindaya ta cika shi har da ƙari. A ƙwarya take aunawa, kuma a duk garin babu giyar da ta kai tata araha.