Masu Farautar Ragowar Magani a Cikin Lemo

Ma'aikatan ɗakin gwaji da ke auna ragowar maganin fumfuna a 'ya'yan itace sun cancanci jinjina, domin abin da suke farauta ba ya zama a kama ɗaya. Manomi zai fesa thiophanate-methyl, kafin lemo ya nuna wani kaso na maganin ya rikiɗe ya zama carbendazim; mancozeb kuwa yakan bar wani sinadari mai suna ETU a baya. Sai mai gwaji ya san abin da aka fesa da abin da ya koma, ya markaɗa lemon, ya tace ta hanyar QuEChERS da aka wallafa a 2003, sannan ya zaƙulo abin da bai wuce ɗaya cikin miliyan ɗari ba.

Wasu na ganin wannan awon ya yi yawa. Hujjarsu ita ce Janairun 2012, lokacin da hukumar FDA ta Amurka ta tsare ruwan lemon Brazil saboda carbendazim, alhali adadin bai kai na cutarwa ba. To, amma wa ya tabbatar bai kai ba? Awon ne. Tsare kayan hukuncin doka ne, don Amurka ba ta amince da maganin a kan lemo ba. Da irin wannan awo kuma ake sanin kwanakin da manomi zai jira tsakanin feshi da tsinka.