Sandar Fatsa a Ruwan Kwance: Nazari Daga Bakin Madatsar Shagari

Wata safiya a ƙarshen bazara na tsaya a bakin madatsar ruwa ta Shagari, ina kallon mutum biyu da ke fatsa, tsakaninsu bai fi taku goma ba. Ɗaya saurayi ne, riƙe da gora mai kaurin ƙotar fartanya, zarensa kamar na ɗinkin buhu, ƙugiyarsa ta kai tsawon ɗan yatsa. Duk jifan da ya yi sai ka ji tsulum, ruwa ya yi ta zobe har gaɓa. Ɗayan dattijo ne, ya tsuguna a kan dugadugansa da wata siririyar sanda wadda kanta ke rawa ko iska ba ta kaɗa ba. Ba ya jifa. Miƙa sandar yake yi, ya sauke ƙugiyar a gefen ciyawa kamar mai ajiye ƙwai. Kafin hantsi ya zura karfasa bakwai a tsinke, saurayin kuwa ko ɗaya. Da yaron ya gaji ya matso ya ce, "Baba, ko wurin ne ba kyau?" sai dattijon ya kama ƙugiyarsa ya juya ta a tafin hannu, ya ce, "Ɗana, kihin ga bakinai ƙanƙane na. Mi zai yi da wagga?"

Tun ranar nake tunanin wannan sana'a da muka raina. A cikin kayan su na ƙasar Hausa, fatsa ce autar gida. Masunci na gado, in ka tambaye shi kayan aikinsa, zai lissafa maka koma da taru da birgi da gura da mamari da gorar da yake kifa ciki a kai ya yi iyo. Da wuya ya ambaci fatsa, don a wurinsa wasan yara ce, ko abin da manomi ke yi ya samu na miya kafin ruwan shuka ya sauka. Ina ganin wannan raini yana da asali, kuma asalin nasa yana cikin irin ruwan da kakanninmu suka saba da shi.

Al'adar su a ƙasar Sakkwato da Kabi a kan gulbi da fadama aka gina ta. Gulbin Rima da gulbin Sakkwato su cika da damina, su yi ambaliya, kifi ya bi ruwa ya shiga fadama ya hayayyafa. Rani ya yi, ruwa ya janye, ya bar tafkuna cike da kifin da ba shi da hanyar fita. Irin wannan tafki ba a taɓa shi sai ranar da Sarkin Ruwa ya sa, sannan gari ya fito ƙwansa da ƙwarƙwata a faɗa ruwa da koma. Bikin Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, wanda kuma UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, wannan su na gayya ne ya girma ya zama na sarauta. Har yau a Matan Fada, inda ake wannan su, koma da gora kaɗai ake shiga da su. A irin wannan tsari, mai zaman jiran kifi ɗaya-ɗaya ba shi da gurbi, domin ruwan ƙafewa zai yi, abin da ba a kwashe ba na tsuntsaye ne.

Madatsa kuwa wani ruwa ne dabam. An kammala Bakolori a 1978, ta Goronyo ta biyo baya a shekarun 1980, daga baya aka tare Gawon Gulbi aka yi ta Shagari. Ƙasar da ke tsakanin Boɗinga da Yabo da Shagari, wadda ta fi sanin rijiya da kududdufi da tafkin damina, sai ga ta da ruwan da ke kwana ya tashi a wuri ɗaya shekara da shekaru. Kifin cikinsa ba baƙo ba ne da ambaliya ta kawo. Nan aka haife shi, nan zai haihu, kuma abin da aka kwashe bana shi ne abin da za a rasa baɗi. Mun samu sabon ruwa, amma da tsohon hannu muka shige shi.

Ruwan kwance yana da halinsa. A gulbi, gudun ruwa da laka da ƙara suna rufa wa masunci asiri. Abinci na wucewa da sauri, kifi ba shi da lokacin bincike, sai cafka. A tafki ko madatsa komai a fili yake. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa da yake jin motsin ruwa da shi, yana kuma ganin inuwar mutum a gaɓa. Masu iya magana da suka ce kifi na ganinka mai jar koma sun faɗi abin da duk mai fatsa ya sani a aikace. Karfasa takan zo ta tsaya gaban tana, ta ɗan taɓa, ta ja baya, ta sake dawowa. In ta ji nauyin da bai dace ba a bakinta, tofarwa take yi. Daga nan ne duk hikimar sauƙin kaya ta taso.

A fara da sanda. Masu fatsar da suka ƙware ba sa sarar kowane icce. Wasu siririyar gora suke nema, wasu reshen geza, irin wanda ake saƙa kwando da shi, saboda yana lanƙwasa bai karye ba. Ana son gindi mai ɗan ƙarfi da zai cika hannu, jiki ya yi ta sirancewa har kai. A bar ta ta bushe a inuwa, in ta karkace a gasa ta sama-sama a miƙar. Kan nan mai laushi aiki biyu yake yi. Shi ne ke kawo wa hannu labarin abin da ke faruwa a ƙasan ruwa, tun kafin ido ya ga komai. Shi ne kuma ke shanye fizgar kifi, ta yadda siririn zare ba zai tsinke ba, leɓen karfasa kuma ba zai yage ba. Sanda mai kauri kurma ce, ba ta jin taɓin kifi, in kuma aka fizga da ita, ko dai zare ya tafi ko bakin kifin. Ga gajiya: wanda zai miƙa hannu daga asuba zuwa hantsi ya san bambancin da ɗan nauyi kaɗan ke yi a kafaɗa.

Zare a da na auduga ne da ake murzawa a cinya, yanzu na roba ne da ake saya a kasuwa, kuma wannan canji alheri ne, don na roba ba ya jiƙa ya yi nauyi, kifi ma bai cika ganinsa ba. Kuskuren da na fi gani shi ne sayen mai kauri don gudun asara. Ana tsoron ranar da babban kifi zai tsinke shi, sai a yi ta asarar ƙananan da ke gujewa kullum. Haka ƙugiya: ta karfasa ba ta wuce girman ƙwayar wake ba. Abin da ke yawo a saman ruwa ya nuna an ci, a da totuwar kara ce, yau yawanci guntun tsohon silifa ne. Na fi son totuwa. Tana sauka ba ƙara, kuma ko numfashi kifi ya yi kusa da ƙugiya sai ta motsa. Dalma kuwa, in ma za a sa, ɗan mitsitsi ya isa, yadda tana za ta nutse a hankali kamar wadda ta faɗo da kanta. Akwai lokacin da ba a sa komai. Bayan ruwan farko, in shinge ya fito ya yi ta faɗawa ruwa, ko lokacin fara, sai a soka ɗaya a bar shi yana shawagi a sama, kifi ya taso ya ɗauka.

Wannan dabara ta ƙarshe ita ce Turawa suka mayar da ita ilimi mai zaman kansa. A Ingila da Amurka akwai wani kifi da suke kira tirawut, na ruwan sanyi, wanda ba zai rayu a zafin Sakkwato ba. A Afirka sai a tsaunuka irin na Kenya, inda aka kai shi a 1905, da Lesotho da Afirka ta Kudu. Ƙwari yake ci, don haka suke ɗaura gashin tsuntsu da zare a ƙugiya su yi ƙwaron ƙarya. Da yake ƙwaron ba shi da nauyin da za a jefa, igiyar ce ke da nauyi, ita ke ɗaukarsa ta kai shi. Tun 1961 masu ƙera kayan a Amurka suka sa wa igiyoyin lamba bisa nauyin ƙafa 30 na farko: lamba 5 kusan giram 9, lamba 7 kusan giram 12, kowace sanda kuma da lambar igiyar da ta dace da ita. Su ma asalin sana'ar tasu a rafi take. Da aka fara sakin kifin a madatsun ruwan sha, irin ta Blagdon kusa da Bristol a farkon ƙarni na 20, sai suka koma ga dogayen sanduna masu ƙarfi, lamba 7 ko 8, don jifa mai nisa cikin iska. Bayan sandunan kabon marasa nauyi sun fito a shekarun 1970, da yawa suka riƙa saukowa zuwa 6 ko 5, musamman a ƙananan tafkuna, saboda igiya mai sauƙi tana sauka a ruwa ba ta firgita kifi, hannu kuma ba ya mutuwa. Giram uku ne tsakanin lamba 5 da lamba 7, amma an cika mujallu da muhawara a kai. Dattijon Shagari ya kai ga wannan hukunci da reshen icce da totuwa, ba wanda ya rubuta nasa.

Sai dai sauƙi yana da iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba bai gama koyo ba. Tarwaɗa ba karfasa ba ce. Da dare take kiwo, a ƙasa, da gashin bakinta take laluben abinci, ba ruwanta da kaurin zare. Hanjin kaza ko guntun sabulu ya ishe ta. In ta ji ƙugiya, cikin saiwa ko ciyawa take nufa, kuma siririyar sanda ba za ta juyo da ita ba. A nan zare mai ƙarfi da babbar ƙugiya su ne daidai, shi ya sa masu nemanta suka fi dogara da mamari ko su kafa sanduna a gaɓa su kwana. Ƙurungu ma, da ƙayoyinsa da ke kafewa, yakan sarƙe siririn zare. Haka in hunturu ya kankama: iska tana wasa da totuwa, ruwa ya yi sanyi, kifi ya koma zurfi ya rage ci, dole a ƙara dalma a ƙara tsawon zare. Turawan ma sun yarda cewa sanda mai sauƙi ba ta da amfani a babban ruwa ranar iska, kuma jan babban kifi da ita na tsawon lokaci wahalar da shi ne kawai. Kayan saurayin nan ba su da laifi a kansu. Kayan dare ne na tarwaɗa ya kawo wa karfasa da safe.

Abin da ya sa na ɗauki wannan magana da nauyi ya wuce gwaninta. A ruwayen arewa da dama an ga yadda ake jan gidan sauro a matsayin taru, yana kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai farce ba. An ga masu zuba gamalin, maganin ƙwarin gona, su kashe na ci da na bari, su kuma kai wa mutane guba a kasuwa. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, amma doka a takarda ba ta gadin tafki da dare. A gulbi, ambaliyar baɗi takan ɗan gyara ɓarnar bana. A madatsa gyaran ba ya zuwa da sauƙi. Fatsa ita kaɗai ce a cikin kayanmu take kawo kifi ɗaya, da ransa, a tafin hannun mutum, ya duba shi ya yanke shawara. Uwar karfasa a bakinta take renon ƙwai da 'ya'yanta. Kama ta a wannan hali kashe ɗaruruwa ne. Mai fatsa yana iya mayar da ƙarami ruwa ya ce sai ka girma. Taru ba ya tambaya.

Na san abin da masunci zai ce, kuma yana da gaskiya: fatsa ba ta ciyar da gida mai mutum goma, ba ta biyan kuɗin makaranta. Ba ina cewa a ajiye koma da birgi ba ne. Ina cewa ilimin da ke cikin fatsa, wato sanin wane kifi kake nema, a wane lokaci, da wane kaya, shi ne ilimin da ruwan kwance ke bukata daga kowa, har mai raga. Wanda ya koyi zaɓar ƙugiya daidai bakin kifi zai fahimci dalilin da ya sa idon raga bai kamata ya matse ba. Kakanninmu sun san rufe tafki har ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe. Wannan hikima ba ta mutu ba, gaɓar da kifi ke haihuwa a madatsa ma ana iya rufe ta da damina.

Kirana ga sarakunan ruwa da hakiman Shagari da Boɗinga shi ne su zauna da masunta a sa wannan ƙa'ida, a hana gidan sauro da guba da bakin gari ɗaya. Ɗalibanmu na Hausa da na kiwon kifi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma, tafiyar ba ta da nisa daga Sakkwato. Ku je bakin ruwa da asuba, ku tsuguna kusa da dattawan nan, ku rubuta sunan kowane icce da suke sara da kowane ɗauri da suke yi, tun suna nan.