Hoton Janar Murtala a Kan Tsohuwar Naira Ashirin

A ranar 11 ga Fabrairu, 1977, Babban Bankin Nijeriya ya fito da takardar naira ashirin, wadda a lokacin babu takardar kuɗin da ta kai ta daraja a ƙasar nan. Ita ce kuma ta farko da aka sa wa fuskar wani fitaccen ɗan ƙasa, wato Janar Murtala Ramat Muhammad, haifaffen birnin Kano, wanda aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Takardun naira na 1973 ginin bankin ne a gabansu. Ta riƙe wannan matsayi har 1991 da naira hamsin ta fito, sannan a 2007 aka maye gurbinta da ta leda.

Na daɗe ina nazarin wannan hoto, kuma a ganina mai zanen ya san aikinsa. Ya fito da Janar cikin kakin soja, fuska a ɗaure, yana matashi, domin kuwa bai cika shekara arba'in ba ya bar duniya. Jama'a ma suka laƙaba wa takardar suna 'yar Murtala. A wancan zamani naira ta fi dala ƙarfi, takardar ta kai kimanin dala 30, saboda haka ba kullum talaka ke taɓa ta ba. Darajar kuɗin da kwarjinin mutumin sai suka haɗu a zukatan mutane.

To amma a nan ne nake da ja. Hoton kan kuɗi yabo ne, ba ya karɓar tambaya. Gwamnatin da ta buga shi ta mataimakinsa ce, Janar Obasanjo, shekara guda kacal bayan kisan, ana cikin juyayi. Wanda ya riƙe takardar zai tuna da mutumin da ya mayar da jihohi 19, ya kuma yanke shawarar ƙaura zuwa Abuja, duk cikin kwana 200 ko kusa da haka. Ba zai tuna da korar dubban ma'aikata da aka yi a 1975 ba, da yawansu ba tare da an saurare su ba, ko kuma kisan fararen hula a Asaba a 1967, wanda dakarun runduna ta biyu da yake jagoranta suka aikata. Na san wannan magana ba ta yi wa Bakano daɗi, ni ma ba da son raina nake kawo ta ba, sai dai aikin masanin tarihi dabam, na mai zanen kuɗi dabam.

Har ila yau, an fara da soja kafin 'yan gwagwarmayar neman mulkin kai. Tafawa Ɓalewa da Herbert Macaulay da Alvan Ikoku sai a 1979 suka samu shiga, kuma a ƙananan takardu. Sardauna kuwa sai a 2000, a kan naira ɗari biyu.

Abin da na fi jin rashinsa a sauyin 2007 shi ne rubutun ajami, wanda da shi ne dattijon da bai yi boko ba yake karanta "naira ashirin". An bar fuskar Janar a ta leda, an sa Ladi Kwali mai ginin tukwane a bayanta, amma ajamin an cire shi, aka rubuta adadin da boko cikin Hausa da Yarbanci da Ibo.