Hoton Wally na Egon Schiele

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A kan irin wannan ra'ayi waɗansu masu zane na Jamus da Ostiriya suka kafa aikinsu a farkon ƙarni na 20. A ganinsu fitar da kamanni aikin na'urar ɗaukar hoto ne. Shi mai zane, abin da ke ɓoye a rai shi zai bayyana, ko da ya karkata wuya ko ya ƙara girman ido.

Egon Schiele, mutumin Ostiriya, yana cikinsu. A shekarar 1912 ya zana Wally Neuzil, yarinyar da suke tare, a kan wani ɗan allo wanda faɗinsa bai kai kamu guda ba. Maigidansa a sana'a, watau Gustav Klimt, ya yi suna wajen lulluɓe matan attajirai da adon zinariya, har ado ya kan rinjayi mai shi. Schiele bai bi wannan hanya ba. Baƙar riga ya sa mata mai farin wuya, ya bar bayanta fari, sai wani siririn reshe a gefe. Ta sunkuyar da kai, gashinta ja, idanunta shuɗɗa dara-dara suna duban mai kallo.

Mai neman aibu ba zai rasa ba, gama idanun sun wuce kima, sawun burushi kuma ga shi a fili kamar an yi aikin da gaggawa. Amma fa da ya rage idanun ya goge sawun, da ya kashe hoton, domin a cikinsu ne ake ganin amincewa gauraye da fargaba.

Fargabar kuwa ta tabbata. A 1915 ya rabu da ita ya auri wata. Ta shiga aikin jinya a lokacin yaƙi, zazzaɓi ya kashe ta a 1917. Shi ma annobar marisuwa ta ɗauke shi a 1918, yana da shekara 28.

Hoton kansa bai huta ba. A 1939 wani ɗan Nazi ya raba shi da mai shi, wata Bayahudiya, Lea Bondi. Sai a 2010 gidan ajiya na Leopold da ke Biyana ya biya magadanta dala miliyan 19. Yarinyar da ba a ga ta isa aure ba, ita ce aka yi shekaru ana shari'a a kan fuskarta.