Magana a Kan Kiɗan Rock

Wanda ya fara jin "The Gift" ta ƙungiyar Velvet Underground, da wuya bai tashi ya duba ko lasifikarsa ce ta lalace ba. A faifansu na 1968, White Light/White Heat, an ware muryar John Cale a lasifikar hagu, jita da ganguna kuma suna can dama suna ta ruri. Cale ba waƙa yake yi ba. Labari yake karantawa, wanda Lou Reed, abokinsa a ƙungiyar, ya rubuta tun yana ɗalibi a Jami'ar Syracuse. Wani saurayi ne, Waldo, kishi ya hana shi sakat, ya shiga kwali ya aika kansa ta gidan waya zuwa wurin budurwarsa. Kwali ya ƙi buɗuwa, ƙawar budurwar ta ɗauko abin yankan kwano ta caka a tsakiya, daidai kan Waldo. Minti takwas Cale yana jan labarin da lafazinsa na mutanen Wales, har ya zo wurin jini muryarsa ba ta motsa ba.

Aikin ya fi yadda ake gani wuya. Mawaƙi yana da karin waƙa da zai jingina da shi, mai magana kuwa daga numfashinsa sai kunnensa. In ya riƙa dire kowace kalma kan bugun ganga, ya zama mai ƙirge. In ya yi biris da gangar, magana ta yi gabas, kiɗa ya yi yamma. Gwani yakan ɗan ja baya, ya bari bugu ya wuce, sannan ya jefa kalmar da yake so ta zauna. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da sanƙira yana kwarara zance a tsakanin kiɗan tambura ya san wannan jiran.

A ganina ba wanda ya kai Patti Smith a nan. Marubuciyar waƙoƙi ce tun farko. A Fabrairun 1971 ta karanta rubutunta a cocin St. Mark's da ke New York, Lenny Kaye yana kaɗa mata jita. Da ta zo yin Horses a 1975, Cale ɗin nan ne ya jagoranci ɗaukar faifan. Saurari "Land". Tana farawa ƙasa-ƙasa, tana ba da labarin wani yaro Johnny da aka far wa a barandar makaranta. Jitar Kaye na karce zare a hankali. Sai ta fara gajarta jimloli, tana nanata kalma ɗaya, numfashi na ƙara sauri, ganga ta shigo, kafin ka ankara ta faɗa cikin "Land of a Thousand Dances", tsohuwar waƙar rawa ta Chris Kenner. Ka mayar da faifan baya ka nemi daƙiƙar da ta bar magana ta kama waƙa, za ka sha wuya kafin ka sa yatsa a kanta.